Sharhi: Ribar Masu Bas-bas A Gombe Da Ke Bin Iska

GOMBE — Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na shekarar 2023, da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur a jawabinsa na kama aiki, babu maganar da ta fi ta mai yawa a bakin masu motocin haya na garin Gombe. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 ta haye Naira 500, a watan Oktoba na 2024 kuwa ta zarce Naira 1,000 a gidajen man NNPC na Abuja. Dattawan direbobin da suka sha lita a kan Naira 11 a ƙarshen 1994, har suna kukan ta yi tsada, su ne shaida a kan irin nisan da aka yi.

Masu motoci sun tari wannan hali da abin da suka saba, wato ƙara kuɗin mota, da ƙara fasinja a kowace kujera, da ƙara lodi a saman rufi. Abin da ba a cika zama a yi lissafinsa ba shi ne, wani babban kaso na man da ake zuba wa tsohuwar bas ba wajen ɗaukar mutane ko kaya yake tafiya ba. Wajen kokawa da iska yake ƙarewa, kuma da yawa daga cikin wannan kokawa mai motar ne ya jawo wa kansa da hannunsa. Ƙugin nan da fito da ke cika kunnen fasinja daga Gombe har Alkaleri, wanda kowa ya ɗauka ɗabi'ar tsohuwar mota ce, ƙarar wannan asara ce.

Maganar tana da muhimmanci domin tsohuwar bas ba inda za ta je nan kusa. Motocin da ke ɗauke da nauyin zirga-zirga tsakanin Gombe da Bauchi, da Yola ta Kumo da Kaltungo, da Biu ta Dadin Kowa, da Potiskum ta Bajoga, da Kano ta Dukku da Darazo, akasarinsu na hannu ne da suka gama wani zamani a Turai ko Japan kafin su iso. Akwai Toyota Hiace ƙirar da aka fara fitarwa a 1989, akwai wadda ta gaje ta a 2004 da ake kira Homa, ga kuma J5 ta kamfanin Peugeot da aka daina ƙerawa a Turai tun farkon shekarun 1990, amma har yanzu tana jigilar tumatur da albasa. Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu daga ranar 1 ga Janairu, 2017, sa'an nan sakin darajar Naira a watan Yuni na 2023 ya kai Dala daga kimanin Naira 460 zuwa sama da Naira 1,500 a farkon 2024. Wanda yake da bas ɗaya ko biyu ba shi da ƙarfin sabuwa. Abin da ya rage masa shi ne ya rage abin da tsohuwar ke ci.

Ƙa'idar abin ba mai wuyar ganewa ba ce. Mota mai tafiya tilas ta tsaga iskar da ke gabanta, kuma turjiyar da iskar ke yi tana dogara ne ga abu uku: faɗin fuskar motar, da siffar jikinta, da kuma gudunta. Na ƙarshen nan shi ya fi ban mamaki, domin turjiyar ba ta ƙaruwa daidai da gudu, ninkin-ba-ninkin take yi. In aka ninka gudu sau biyu, turjiyar iska za ta ninka sau huɗu, ƙarfin da inji zai kashe wajen cin galaba a kanta kuwa zai ninka sau takwas. Direban da ya tashi daga kilomita 80 a awa zuwa 100 ya ƙara wa motarsa turjiya da kashi 56 cikin 100. In ya kai 120, kamar yadda ake yi a miƙaƙƙen titi idan ana son a riga wani komawa layi, turjiyar ta ninka sau biyu da kwata. A cikin gari, tsakanin kasuwa da tasha, iska ba ta da wani tasiri, nauyi da birki da cunkoso ne ke cin mai. Amma da zarar an hau babbar hanya an miƙe, kusan rabin ƙarfin da ke isa ga tayoyin mota mai siffar akwati, ko fiye, a kan iska yake ƙarewa. A watannin hunturu kuma, motar da ta nufi Biu ko Potiskum tana fuskantar iskar arewa maso gabas, wadda gudunta ke haɗuwa da na motar a cikin wannan lissafi.

Masu ƙera motoci sun daɗe da sanin haka, kuma a kan bas aka koyi darasin. Lokacin da kamfanin Volkswagen na Jamus ke shirin fitar da bas ɗinsa ta farko a 1950, wadda jikokinta suka zama danfo a Legas, samfurin farko mai kaifin kusurwoyi ya nuna ma'aunin turjiya na 0.75. Da aka kai shi zauren gwajin iska na jami'ar fasaha ta Braunschweig, aka lanƙwasa goshin motar da gefunanta, sai ma'aunin ya sauko zuwa 0.44, ba tare da an taɓa inji ba. Haka kuma a lokacin matsalar mai ta 1973, injiniyoyin hukumar NASA ta Amurka a ƙarƙashin Edwin Saltzman suka ɗauki wata tsohuwar motar ɗaukar wasiƙu da kaya, suka lulluɓe ta da faifan ƙarfe ta koma akwati sak, sa'an nan suka riƙa zagaye kusurwoyin ɗaya bayan ɗaya suna aunawa. Turjiyar ta ragu da kimanin rabi, alhali wurin zuba kaya bai ragu da abin a zo a gani ba. Daga irin wannan aiki ne aka samo hular nan mai gangare da ake gani a saman kan manyan tireloli.

To, abin da Jamusawa da Amurkawa suka kashe kuɗi suka cire daga jikin bas, shi ne ake mayarwa a wurin mai walda da kuɗi kaɗan. Da zarar mota ta iso, kafin ma a yi mata fenti, sai a ɗora mata kariya ta ƙarfe mai tsayin rufin duka, mai katanga a tsaye a gaba, a like ta da walda yadda ba mai cire ta sai ranar da motar ta mutu. Fuskar Hiace, mai faɗin kimanin mita 1.7 da tsayin kusan mita 2, ta kai wajen murabba'in mita uku. Buhunan masara daga Tudun Hatsi, da jarkoki, da katifa, da babur a kwance, in suka tashi santimita 70 a kan faɗin mita ɗaya da rabi, sun ƙara wajen murabba'in mita guda, wato sulusin fuskar motar. Kuma wannan sulusin ba shi da santsi ko gangare. Iskar da ta hawo ta gilashin gaba da ƙarfinta, maimakon ta kwanta a kan rufi ta wuce, sai ta ci karo da bango.

Akwai alƙaluma a kan wannan daga ƙasashen da suka auna. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta bayyana cewa babban akwatin kaya mai dakusasshiyar fuska a saman mota yana rage nisan da mai ke kaiwa da kashi 2 zuwa 8 cikin 100 a cikin gari, da kashi 6 zuwa 17 a kan babbar hanya, da kashi 10 zuwa 25 in gudu ya wuce kilomita 100 a awa. Kayan da aka ɗaura a baya, cikin inuwar jikin motar, ba su wuce kashi 5 ba. Wani bincike na cibiyar Lawrence Berkeley da aka buga a 2016 ya ƙiyasta cewa kariyar saman mota kaɗai ta ci wa Amurkawa galan miliyan 100 na fetur a 2015, kuma yawancin tafiyar da aka yi da ita babu komai a kanta. A kan ƙananan motoci aka yi waɗannan gwaje-gwaje, ba a kan bas mai mutum 18 ba, don haka ba za a kwafe su kai tsaye ba. Amma sun isa su nuna girman abin.

Mai mota na iya yin lissafin da kansa. A ƙaddara bas tana zuwa Bauchi ta dawo sau ɗaya a rana, kimanin kilomita 300 ke nan, tana shan lita 12 a kowace kilomita 100. Lita 36 ke nan a yini. In gyaran kariya da sassauta ƙafa suka rage kashi 10 cikin 100 kawai, an tsira da lita 3.6 a rana, lita 90 a kwana 25 na aiki. A sa lita a Naira 1,000 don sauƙin lissafi: Naira 90,000 a wata, fiye da Naira miliyan ɗaya a shekara, a kan mota guda. Kuɗin tayoyi ne da juyen baƙin mai har da saura. Ɗan kasuwan da ke da motoci biyar a layi, in aka ce masa yaronsa na ɗauke masa irin wannan kuɗi, ba zai kwana bai kai ƙara ba.

Batun ƙara kuwa ya fi na mai saurin hawa. Ƙarfin ƙarar da iska ke yi a jikin mota yana ninkawa kusan sau huɗu tsakanin gudun kilomita 80 da 100. Kowace irin ƙara tana da mafarinta, kuma makaniken da ya iya saurare zai rarrabe su. Fiton nan mai murya ɗaya da ke tashi yana sauka tare da gudu, daga sandunan kariya masu siffar bututu yake fitowa: iska na karyewa a bayan sandar hagu da dama bi da bi, kamar yadda wayar lantarki ke kuka da hunturu. Wani masani ɗan ƙasar Cek, Vincenc Strouhal, ya bayyana ƙa'idarsa tun 1878, kuma bisa lissafinsa sanda mai kaurin santimita biyu da rabi tana karkarwa sama da sau 200 a daƙiƙa a gudun kilomita 100. Maganinsa igiya ce. In aka naɗe sandar da igiya a karkace, da tazara tsakanin kowane zagaye, iskar ba za ta sami damar karyewa a lokaci guda ba, sai fiton ya mutu. Dabarar da ake yi wa dogayen bututun hayaƙi na masana'antu ke nan, inda ake zagaye su da ƙarfe kamar maciji ya naɗe itace.

Hucin da ke shigowa ta gefen ƙofa kuma na roba ne. Robar ƙofa da ta sha ranar Gombe shekara da shekaru takan bushe ta tsage, ƙofar zamiya ta fasinja takan saki daga layinta, gilashin gaba da aka canza bayan hatsari sau da yawa ba a like shi yadda ya kamata ba. A gudu, iskar da ke wucewa ta gefe tana tsotsar ƙofar zuwa waje, ƙaramar kafa ta zama babba. Gano wurin ba ya bukatar na'ura. A rufe ƙofa a kan takarda a ja. In ta zare babu gardama, robar wurin ta mutu. Ko kuma a like gaɓoɓin da ake zargi da salatif ɗaya bayan ɗaya a yi gajeriyar tafiya, inda ƙarar ta ɗauke nan ne ciwon. Sai kuma bugun nan mai toshe kunne da ake ji in an buɗe taga ɗaya tak, wanda yake daidai da busa bakin kwalba. Buɗe wata tagar kaɗan a ɗaya gefen yana kashe shi.

Wani zai ce ƙara ba ta cin kuɗi. Tana ci. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyakar desibel 85 ga wanda zai yi awa takwas a cikin hayaniya, kuma direban tsohuwar bas da taga a buɗe kusa da kunnensa yana iya kusantar wannan iyaka kullum, shekara da shekaru. Ƙara na gajiyar da mutum, gajiya kuwa a kan hanyar Numan ba abin wasa ba ce. Bugu da ƙari, ƙugin iska na rufe kukan da ya kamata direba ya ji da wuri, na borin da ya fara ci ko tayar da ta fara kumbura. Fasinja ma yana zaɓe. Ma'aikaci ko ɗan kasuwan da ke son ya amsa waya a hanya ya san motar da zai iya yin magana a cikinta, kuma ba ya jin ƙyashin ƙara wani abu a kan kuɗin kujera don ya same ta.

Akwai wata ɗabi'a da ta fi duk waɗannan muni, wato barin ƙofar baya a buɗe a ɗaure ta da igiya a kan kayan da suka yi tsini waje. Bayan mota mai siffar akwati wuri ne da iska ke juyawa tana komowa, shi ya sa gilashin baya ya fi ko'ina ƙura. In ƙofar na buɗe, abin da ke komowa cikin motar har da hayaƙin salansa, mai ɗauke da gubar da ba ta da wari ko launi. Ciwon kai da gyangyaɗin da 'yan kujerar baya ke yi ba kullum ne na yunwa ko zafi ba.

To sai dai kuma masu mota suna da hujjarsu, kuma ba ƙarama ba ce. Lodin sama kuɗi ne a hannu. Buhu goma a kan rufi ranar kasuwar Kumo ko Kwadon na iya kawo abin da ya fi man da iska za ta ci, kuma ba wanda zai ce wa mai neman na cefane ya bar kuɗi a ƙasa saboda wani gwaji da aka yi a Amurka. Haka nan a wuraren da hanya ta lalace, inda mota ba ta wuce kilomita 40 ko 50, iska ba ita ce babbar matsala ba. Rami da nauyi da tayar da ba ta cika ba su ne. Ba kuma za a ce fasinja su rufe tagogi a watan Afrilu a motar da na'urar sanyayawarta ta mutu tun a Kwatano ba. Duk wannan gaskiya ne. Amma bai wanke kariyar da ke komowa daga Bauchi babu ko ƙunshi ɗaya a kanta ba, bai kuma wanke katangar gaba da ke tsaye ƙiƙam ba, alhali da faifan ƙarfen nan ɗaya mai walda zai iya kwantar da ita ta yi gangare daga saman gilashi. Kariyar da aka ɗaura da noti ana iya sauke ta a lokacin da babu lodi. Kayan da aka janye baya daga goshin mota, aka sa gajeru a gaba dogaye a tsakiya, aka lulluɓe da tamfol aka ja shi tamau, ba su turje wa iska kamar tulin da ke kaɗa leda da bakin buhu. Mai kaya ma ya fi son su iso babu ƙura. Kuma ko don tsaro, rage tsayin lodi riba ce, domin nauyin sama na sa mota saurin kifewa. Tun a 2001 hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka ta yi gargaɗi a kan haka game da bas-bas masu ɗaukar mutum 15.

Akwai kuma kashe kuɗin da ya kamata a guje wa. Fikafikan roba da ake mannawa a bayan rufi, da jerin fitilu a goshi, da ƙahonin iska, da ƙarfen karo da ake ɗora wa gaba, kwalliya ce, kuma yawancinta ƙara turjiya da ƙara take yi. Gara a mayar da faifan robar ƙarƙashin inji da makanikai kan cire su jefar, a kuma gyara sifirin ɗin baya da ya zauna, domin motar da bayanta ya durƙusa hancinta ya ɗaga tana shan iska ta ƙarƙashi.

Dalilin da ya sa irin wannan gyara mai araha bai yaɗu ba yana cikin tsarin sana'ar ne. A yawancin yarjejeniyar da ake yi, direba ne ke shan mai daga cinikin yini, ya kawo wa mai mota balas ƙayyadadde. Mai mota, wanda shi ne zai biya kuɗin roba da walda, ba ya ganin ribar ragin mai a aljihunsa. Direba, wanda zai ga ribar, motar ba tasa ba ce, kuma gobe ana iya karɓe makulli. Ɗan kamasho kuwa gwargwadon lodi yake samu. Kowa na bin lissafinsa daidai, asarar kuma ta faɗa a tsakani. Mai motar da ya gane haka zai iya biyan kuɗin gyaran ya raba ribar da direbansa, tun da direban da man ya rage masa ya fi kawo balas cikakke, ya kuma fi tausaya wa inji.

Game da gudu, doka ta riga ta faɗi abin da lissafi ke faɗi. Ƙa'idar hanya ta ƙasa ta sa wa bas da tasi iyakar kilomita 80 a kan babbar hanya, 90 a kan tagwayen hanyoyi, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya na'urar ƙayyade gudu a motocin haya daga ranar 1 ga Fabrairu, 2017. Direbobi da yawa sun ɗauki na'urar a matsayin wata hanyar tara. Da an gabatar musu da ita da harshen lita da Naira, da wataƙila an fi samun karɓuwa. Tsakanin gudun 80 da na 100 a kan kilomita 150, bambancin bai kai minti 25 ba, minti 25 ɗin da galibi a zaman jiran layi ake cinye su a ɗaya tashar.

Abin da zai gamsar da direban Gombe shi ne gwajin da aka yi a kan hanyarsa da irin motarsa, kuma garin na da masu iya yin sa. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Gombe tana da malamai da ɗalibai a fannin sana'o'in hannu, kamfanin sufuri na jiha, Gombe Line, yana da motoci masu bin hanya ɗaya kullum, ƙungiyoyin NURTW da NARTO kuma su ke da kunnen direbobi da masu motoci. Gwajin ba ya bukatar zauren iska. Bas biyu masu ƙira ɗaya, ɗaya da kariyarta yadda take, ɗaya an yi mata gangare an naɗe sandunanta an canza robar ƙofofinta, a cika tankinsu a famfo ɗaya a Gombe, a sake cikawa a famfon bayan sun dawo daga Bauchi, a yi haka mako biyu ana musanya direbobi tsakaninsu. Sa'an nan a rubuta adadin litocin kowacce a allo, a kafa shi a ƙofar ofishin ƙungiya a tasha.